Yarona yana minshari, numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci: beli ne ko naman bayan hanci?

Maman Haidar:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Don Allah shawara nake nema a kan yarona, watansa 11. Tun yana wata 7 ya fara minshari, muka ɗauka murar hunturu ce. Hunturu ya wuce, zafi ya shigo, abin sai gaba yake yi. Baki buɗe yake barci, yawu na zuba, ga gumi sharkaf a kansa ko da fanka na kaɗawa. Abin da ya hana ni runtsawa shi ne, cikin dare sai minsharin ya yi tsit, ƙirjinsa yana ja amma ba na jin iska tana shiga, can sai ya yi firgigit ya ja numfashi da ƙarfi ya ci gaba. Nono ma ba ya iya riƙewa ya daɗe, sai ya saki ya buɗe baki. A wurin awo nas ta ce nauyinsa ya tsaya, ta ce wataƙila naman bayan hanci ne ya kumbura, wanda suke kira adinoyid. Kakarsa ta wajen uba kuma ta ce beli ne, tunda ba a cire masa ba lokacin suna, ta ce ranar Asabar za a kira wanzami. Babansa ya rasa wanda zai bi. Wadda ta taɓa ganin irin wannan ta taimake ni.

Hajiya Inna:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, 'yata. Ni duk 'ya'yan da na haifa sai da aka cire musu beli, ga su nan da ransu har da nasu 'ya'yan. Ki bi maganar surukarki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ummu Nana:
Allah ya kawo sauƙi. Ki gwada shafa masa man zafi a hanci da ƙirji kafin ya kwanta, nawa da shi nake yi musu idan mura ta kama su.

Anti Nas:
Maman Haidar, kafin komai: don girman Allah kada a kai yaron nan wurin aska ranar Asabar. Hajiya Inna, ki gafarce ni, ke uwa ce a gare mu, amma a ɗakin yara nake aiki, kuma na karɓi jariran da aka kawo bayan cire beli jini ya ƙi tsayawa. Wani sai an ƙara masa jini, wani wurin ya ruɓe ya kasa shan nono, wani tetanus ya kama shi. Yaron da dama numfashinsa ke wahala, a je a yanka masa maƙogwaro jini da kumburi su ƙaru a kan hanyar iskar, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Kuma beli daban, adinoyid daban. Beli shi ne ɗan naman da ke reto idan yaro ya wage baki, kowa yana ganinsa. Adinoyid yana can sama, bayan hanci, a saman ganɗa, inda hanci ya haɗu da maƙogwaro. Ko da tocila kika haska bakinsa ba za ki gan shi ba. Askar wanzami ba ta kaiwa can. Ko an cire belin, abin da ya toshe hanyar yana nan zaune.

Ummu Nana, man zafi a cikin hancin jariri a'a. Yawancinsu akwai kafur da mantal a ciki, suna ƙara sa hanci ya yi majina, kafur kuma idan yaro ya lasa guba ne. Man zafi irin wannan ba na 'yan ƙasa da shekara 2 ba ne.

Ummu Nana:
Kai, Anti, wallahi ban sani ba. To me za a sa musu idan hanci ya toshe?

Anti Nas:
Ruwan gishirin asibiti na ɗiga wa hanci, ana samunsa a kemis. Ɗigo biyu kowane hanci kafin shan nono da kafin barci, sai a goge majinar da ta fito. Amma ki duba kwalbar da kyau, domin akwai wani maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take wanda masu kemis ke yawan miƙowa. Shi idan aka wuce 'yan kwanaki ana sa shi hancin ƙara toshewa yake yi, kuma jarirai ba a ba su sai likita ya rubuta. Haka maganin mura na ruwa mai sa barci. Yaron da numfashinsa ke ɗaukewa, a ƙara masa abin da zai nauyaya barcinsa, shi ne mafi munin abin da za a yi masa.

'Yar Wanzami:
Ni mahaifina wanzami ne, kakana ma haka. Ba na jin daɗin yadda duk lokacin da maganar nan ta taso sai a mayar da su kamar makasa. Su suka yi wa mutane kaciya da ƙaho shekara da shekaru lokacin da babu asibiti a garuruwanmu. Amma gaskiya ɗaya ce: shi kansa Baba idan aka kawo masa yaro mai numfashi irin wanda Maman Haidar ta faɗa, cewa yake a wuce asibiti, ba aikinsa ba ne. Ki ce wa maigidanki ya sami wanzamin da kansa ya bayyana masa yadda yaron ke yi. Mai tsoron Allah ba zai taɓa shi ba.

Anti Nas:
Allah ya saka wa Baba da alheri. Ba sana'ar nake zagi ba, ƙanwata, cire belin nake magana a kai.

Dakta:
Salamu alaikum. Yanzu na fito na ga saƙonnin. Maman Haidar, ba zan iya cewa ga ciwon ɗanki ba sai wanda ya duba shi ido da ido, amma abin da kika bayyana ya isa a kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a cikin makon nan. Ba na so a jira.

Adinoyid ba ciwo ba ne a karan kansa. Kowane yaro da shi ake haihuwarsa, ɗan uwan tonsil ne, wato naman nan biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro, yana cikin garkuwar jiki. A jariri sabon haihuwa ɗan ƙarami ne. Yana girma da yaro, ya fi cika tsakanin shekara 3 zuwa 7, daga nan ya fara motsewa, har mutum ya balaga kusan ba a ganinsa. Amma a wasu yaran, musamman masu yawan mura ko waɗanda hancinsu ba ya son ƙura da hayaƙi, yakan kumbura da wuri. Ku ɗauka buhun hatsi ne aka jingine a ƙofar zaure: da rana ana raɓawa a wuce, shi ya sa yaron ke wasansa lafiya. Da dare idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yana saki, ɗan wurin da ya rage ya rufe. Ƙirji yana ja, iska ba ta wucewa, iskar da ke cikin jini ta ragu, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da yaron ya ja numfashi. Firgigit ɗin da kike gani ke nan, kuma yana iya faruwa sau da yawa a dare ɗaya.

Abin da ya fi jan hankalina a maganarki shi ne awo. Yaron da ke kokawa da numfashi duk dare yana ƙone abincin da ya kamata ya gina jikinsa, ga shi ba ya iya shan nono ya ƙoshi, ga barcin da ake girma a cikinsa yana yankewa. Tsayawar nauyi alama ce ta cewa abin ya wuce minshari kawai. Idan aka bar mai tsanani ya daɗe, har zuciya yana wahalarwa.

Daren yau ki yi min abu ɗaya. Idan barcinsa ya yi nisa, musamman wajen asuba domin a lokacin abin ya fi tsananta, ki ɗage masa riga ki ɗauki bidiyo na minti ɗaya ko biyu, fuska da ƙirji duka su fito, kuma a ji sautin. Yara a gaban likita ido biyu suke, lafiya ƙalau ake ganinsu. Bidiyon nan ya fi duk bayanin da za ki yi da baki. Ki tafi da katin awonsa.

Maman Haidar:
Na gode Dakta, Allah ya ƙara basira. Yau zan ɗauka in sha Allah. Amma wane asibiti? A Kano muke. Kuma kafin mu je, me zan gani in san ba na jira ba ne?

Anti Nas:
Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, asibitin Murtala ma haka. Ki nemi inda kuke awo su rubuta miki takardar turawa, ta fi sauƙi. Na Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, aikinsu ke nan gaba ɗaya. Na Zariya asibitin koyarwa na Shika, na Sakkwato asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo.

Abin da ba a jiran gari ya waye a kansa: leɓe ko harshe ya canza ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, numfashi ya tsaya har daƙiƙa 20, jiki ya saki, ki tashe shi ya ƙi tashi sosai, ko yana farke ƙasan haƙarƙarinsa yana lomawa ciki. Ko zazzaɓi da numfashi sama-sama. Ki ƙirga da agogon waya minti ɗaya cikakke yana kwance shiru: ɗan wata 2 zuwa 12 idan ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 idan ya kai 40, wannan yana iya zama nimoniya, a tafi ko tsakar dare ne.

Maman Fanna Damagaram:
Mu nan Nijar ORL ake ce wa likitocin, babban asibitin Damagaram da na Yamai duk akwai su. Na faɗa ne saboda 'yan uwanmu na nan da ke karantawa. Dakta, ni tawa watanta 2, tana yin wani ƙiiƙ-ƙiiƙ idan za ta ja numfashi, har idonta biyu, ya fi yawa idan tana shan nono ko tana kuka. Wani lokaci kuma numfashin ya yi sauri-sauri, ya ɗan tsaya, ya dawo. Ita ma naman ne?

Dakta:
Maman Fanna, da wuya. A wata 2 adinoyid bai isa ya toshe hanya ba. Sautin da kika bayyana, siriri mai fita lokacin jan numfashi, ya fi kama da laushin maƙogwaro: naman da ke saman akwatin murya bai yi ƙwari ba tukuna, sai ya faɗa ciki duk lokacin da jariri ya ja iska. Shi ne ya fi kawo irin wannan ƙara a jarirai. Yakan fara a makonnin farko, ya ƙaru wajen wata 4 zuwa 8, yawanci ya tafi da kansa kafin shekara 2. Idan tana shan nono da kyau kuma nauyinta yana hawa, yawanci sa ido kawai ake yi, amma ki kai ta a gani a tabbatar. Idan tana ƙwarewa da nono ko tana ramewa, kada ki ɓata lokaci.

Tsayawar daƙiƙa 5 zuwa 10 sannan numfashi ya dawo da kansa, launinta bai canza ba, wannan sabon jariri yana yi, yana dainawa wajen wata 6. Bambancinsa da na Haidar: ita ƙirjin ma tsayawa yake, shi kuwa ƙirjin yana ja iska ce ba ta shiga.

Maman Fanna Damagaram:
Alhamdu lillahi, hankalina ya ɗan kwanta. Zan kai ta.

Maman Sultan:
Ni na ga idan na kifa nawa a kan ciki minsharin yana raguwa. Ki kifa shi, ko ki sa masa filo.

Anti Nas:
'Yar uwa, ƙasa da shekara ɗaya rigingine ake kwantar da yaro, a shimfiɗa mai ƙwari, babu filo. Kifawa tana cikin manyan abubuwan da ke jawo mutuwar jarirai cikin barci. Idan ya iya juyawa da kansa ya juya, wannan daban, amma ke ki fara ajiye shi a kan bayansa.

Baban Amira:
A yi min afuwa na shigo maganar iyaye mata. Ni abin da ke damuna shi ne saurin cewa tiyata. Dakta da kansa ya ce naman yana motsewa idan yaro ya girma. Akwai babban bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2013, a kan yara 464 masu wannan matsala. Rabi aka yi musu aiki, rabi aka sa musu ido. Bayan wata 7, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda ba a taɓa ba sun warware da kansu. To me ya sa za a kai ɗan wata 11 a sa masa maganin barci a yanka?

Dakta:
Malam, binciken gaskiya ne, kuma na ji daɗi da ka kawo shi. Amma ka ƙarasa shi. Waɗanda aka yi wa aikin kashi 79 ne suka warware. Sannan yaran 'yan shekara 5 zuwa 9 ne, shekarun da naman ya kusa fara motsewa, kuma ba a sa waɗanda iskar jininsu ke faɗuwa sosai a ciki ba. Ɗan wata 11 naman nasa yanzu ma ya fara girma. Idan aka ce ya jira ya motse, shekaru nawa ke nan na barci a wahale, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa yake koyon magana?

Kuma ban ce a yi masa tiyata ba, cewa na yi a duba shi. Likita zai iya ɗaukar hoton gefen wuya, ko ya zura siririyar kyamara ta hanci ya ga naman da idonsa, wanda ya fi hoto faɗar gaskiya. Inda da hali a maƙala masa na'urar auna iskar jini a yatsa ya kwana da ita. Mai sauƙi ana fara masa da ruwan gishiri da gyaran ɗaki, wani a ba shi maganin fesawa a hanci na wasu makonni idan shekarunsa sun kai. Na yarda da kai cewa ba kowane mai minshari ake yi wa aiki ba. Inda muka rabu shi ne yaron da nauyinsa ya tsaya.

Baban Amira:
Na fahimta, Dakta. Amma har yanzu ina ganin iyaye su tambayi likita ƙarara: idan muka jira wata uku me zai faru? Kada kunya ta hana. Kuma a ji ta bakin likita na biyu idan zuciya ba ta kwanta ba.

Dakta:
Wannan haƙƙinku ne, babu likitan kirki da zai ji haushi.

Maman Khalil:
Ni an yi wa nawa aikin cire adinoyid yana shekara 2 da rabi. Kafin nan kullum kunne na ciwo, wani lokaci yana zubar da ruwa, ka kira shi ba ya waiwayowa, magana ta ƙi zuwa. Har gorin kurma aka yi min a dangi. Likita ya ce naman ne ya danne 'yar hanyar da ke tsakanin hanci da kunne, ruwa ya taru a bayan dodon kunne. Ta baki aka cire, babu yanka a waje ko kaɗan, aikin bai kai awa ɗaya ba. Sun kwantar da mu dare ɗaya, sun ce ƙasa da shekara 3 ba a sallama ranar saboda a sa ido a kan numfashi. Ya yi warin baki da ɗan zazzaɓi na wasu kwanaki. Baban Amira, tsoron da kake ji na ji shi, na yi kuka a ƙofar ɗakin tiyata. Amma yanzu yana cin abinci, yana ji, bakinsa ya buɗe. Sun gaya min tunda ƙarami ne naman yana iya sake tsirowa, don haka ina lura.

Mai Turaren Wuta:
Gyaran ɗaki da Dakta ya ce, Allah ya sa ba sana'ata ake nufi ba. Duk gidan mai jego da turare aka san shi.

Anti Nas:
Hajiya, har da ita, amma ba cewa aka yi a daina saya ba. A turara ɗakin yaro ba ya ciki, a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin a shigo da shi. Kada a turara kayansa, kada a ajiye kasko kusa da gadonsa. Maganin sauro mai hayaƙi ya fi turaren ma illa tunda kwana yake yana ci, a koma gidan sauro. Girki da itace ko gawayi da yaro goye a baya, da sigarin maigida a cikin ɗaki, duk suna kumbura hancin yaro. Shara ma a yayyafa ruwa tukuna.

Mai Turaren Wuta:
To wannan mai yiwuwa ne. Zan riƙa gaya wa masu sayena.

Yaya Babba:
Kowa ya yi maganar magani, babu wanda ya taɓa maganar surukar, alhali nan gizo ke saƙa. Ƙanwata, kada ki tsaya gaban kakar yaron ki ce mata ba ta sani ba. Tsoron rasa jikanta ne ya sa ta kira wanzami. Maganar ta fito daga bakin ɗanta. Ya nuna mata bidiyon, ya ce Hajiya a fara zuwa asibiti, kuma ke za ki raka mu. Idan ta zauna a gaban likita aka yi bayani da ita, ita za ta fi ku tsayawa a kan maganin.

Maman Haidar:
Salamu alaikum. Na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Yaya Babba, shawararki muka bi, Hajiya kakarsa ta raka mu. Likita ya kalli bidiyon, ya zura kyamarar, ya juyo da allon ya nuna mana. Naman ne, ya kusa rufe bayan hancin gaba ɗaya, kuma akwai ruwa a kunne ɗaya. Belinsa ya ce lafiyarsa ƙalau. Za mu kwana a asibiti a auna iskar jininsa yana barci, daga sakamakon za a yanke ko magani za a fara ko aiki. Hajiya da bakinta ta ce a sallami wanzami. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Hajiya Inna:
Allah ya ba shi lafiya, ya sa a yi a sa'a. Ni dai a zamaninmu ba mu san wannan kyamara ba, kuma ban fasa ganin amfanin cire beli ga wanda ya yi tsawo ba. Amma tunda an gani da ido, a bi likita.

Maman Sadiya:
Dakta, ban yi magana ba tun farko, karatu nake. 'Yata sikila ce, shekararta 3, tana minshari kusan kullum kuma ta koma fitsarin kwance bayan ta daina. Ban taɓa faɗa a asibitin sikila ba don ban ɗauka yana da alaƙa ba.

Dakta:
Yana da alaƙa sosai, Maman Sadiya. Masu sikila sun fi sauran yara samun kumburin adinoyid da tonsil, kuma raguwar iskar jini da dare ita ce ke sa ƙwayoyin jininsu lanƙwashewa, ciwo ya tashi. Fitsarin kwance yana zuwa da sikilar kanta, yana kuma zuwa da toshewar numfashi, don haka sai an duba. Ki ɗauki bidiyo kamar yadda na gaya wa Maman Haidar, kada ki jira ranar da aka ba ku, ki kai wa likitanta na sikila ya haɗa ku da na hanci. Idan ta kai ga aiki, nata shiri daban ne: ana duba yawan jininta, a sa mata ruwa, wani lokaci a ƙara mata jini kafin a shiga, saboda haka a yi shi a babban asibitin da likitocin jini suke.